Agogon 'Yan'uwa

A kwarin nan namu, duk wanda ya tsinci tsohon agogon gidan Brandelet a akwatin kakarsa ya san inda zai kai shi. Wurin tsoho Numa zai je, a benen tsohuwar masana'antar da ke bayan coci. Da can leburori sun cika ta maƙil, amma tun da agogon batir ya shigo ya karya kowa, tebura suka zama na ƙura. Numa kaɗai ya rage, a bakin tagar da ubansa ya zauna. Matarsa ta rasu, bai haihu ba. Abincinsa dankali da cuku, a tsaye yake ci, wai zama a tebur na masu abokin hira ne.

Sanin shekarun agogon gidan ba wuya, domin tarihin gidan a fuskarsa yake. In an rubuta Brandelet da 'Ya'yansa, na zamanin ubansu ne. In an rubuta 'Yan'uwa Brandelet, na 'yan shekarun da Numa da ƙanensa Aurèle suka riƙe gidan tare ne. In kuwa sunan ne tsirara, ba ɗa ba ɗan'uwa, to bayan faɗan aka yi shi.

Faɗan kuwa a kan inji ne. Numa ya ce a daina ƙera injin agogo da hannu, a riƙa sayo shiryayye daga babbar masana'anta. Aurèle ya ce wannan ai sayar da sunan uba ne. Su biyun taurin kai gare su, wallahi ban san wanda ya fi wani ba. Numa ne babba, maganarsa ta ci. Aurèle ya ɗauki kayan aikinsa ya haye teku zuwa Kanada, Numa kuma don haushi ya sa aka goge kalmar 'yan'uwa daga fuskar agogo tun sawun takalmin ƙanen bai ɓace a ƙanƙara ba. Daga ranar babu wanda ya sake jin muryar wani.

Sai dai akwai abin da mutanen gari ba su lura ba. Numa kallo ɗaya yake wa agogo ya san shekarunsa, amma sai ya buɗe murfin baya. Masu gyara kan yi ɗan zane da tsinin allura a cikin murfi duk sa'ad da suka wanke agogo, kuma ubansu ya ba kowane ɗa alamarsa: Numa tsani, Aurèle ƙugiya. Ƙugiyar nan yake nema. So yake ya sani ko ƙanensa na raye, ko kuma har yanzu yana ɗaukarsa ɗan'uwa. Girman kai ya hana shi tambayar kowa, sai murfin agogo.

Wata safiya da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, wata mata mai suna Solange ta hau benen tana haki. Malamar makaranta ce daga birnin Montréal na Kanada, ta zo hutu wurin 'yar'uwarta. Ta ce ta sayi agogon ne a kasuwar gwanjo ta garinsu, cikin kwalin tarkace, aka ce mata a nan za a gaya mata shekarunsa.

Numa ya duba fuskar: 'Yan'uwa Brandelet. Ya buɗe baya, sai ransa ya ɓaci. Injin ciki shiryayye ne, irin wanda shi kansa ya fara sayowa bayan faɗan. Ya san wannan aikin sarai. 'Yan damfara ne ke ɗora tsohuwar fuska a kan sabon inji don su yaudari masu son kayan da.

"An cuce ki, Madam," ya ce. "Fuska ta wani zamani, ciki na wani. Wanda ya yi wannan ba shi da kunya."

Solange ta yi dariya, ta ce ita dai bai taɓa makarar da ita aji ba, in marar kunya ne ya haɗa shi to ya iya aikinsa. Numa ya riga ya ɗauki murfin zai mayar, sai hannunsa ya juya shi zuwa hasken taga kamar yadda ya saba.

Ƙugiya. Ba ɗaya ba, layi guda, ƙanana, suna bin juna a gefen murfin. Na farkon tsaf suke kamar an buga da hatimi. Na ƙarshen sun karkace, hannun da ya yi su rawa yake.

Ya sa gilashi a ido ya koma kan fuskar. Asalinta mai suna tsirara ce, daga wannan benen ta fita. Kalmar 'yan'uwa da hannu aka ƙara ta, da siririn burushi, kuma ya san hannun. Ashe Aurèle, mutumin da ya rantse ba zai taɓa shiryayyen inji ba, ya shiga kanti a can wata ƙasa ya sayi agogon yayansa. Ya mayar masa da kalmar da aka goge, ya ɗaura a hannu, yana wanke shi har tsufa ya ci ƙarfinsa.

Numa ya tambaye ta ko ta ga mai agogon. Ta ce a'a, mai gwanjon ya ce kayan wani dattijo ne da aka kwashe daga ɗakin haya, babu wanda ya zo ya karɓa. Nan Numa ya gane ƙanensa ya rasu. Mai gyaran agogo ba ya rabuwa da na hannunsa yana numfashi.

Baƙin ciki ya danne shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Shekarun nan duka yana jiran ƙanen ya fara magana, ashe ya yi, shi ne bai ji ba.

Ya roƙe ta ta zauna ya ɗiga wa agogon mai. Ta zauna a teburin da ke kusa, tana share ƙura da hannun riga, ba ta san na Aurèle ba ne. Da ya gama, ya ɗauki allura ya zana ɗan tsani a jikin ƙugiyar ƙarshe. Ya rufe, ya wana, ya miƙa mata, ya ce ta riƙa wana shi da safe, kada ta bari ya tsaya.

"To, Baba, in an tambaye ni fa? Na wane zamanin zan ce?"

Numa bai taɓa ƙara wa agogo ko shekara ɗaya ba, kowa ya san shi da wannan.

"Abin da fuskar ta ce," ya amsa. "Na 'yan'uwa ne."

Ta sauka. Ya tsaya a taga yana kallonta tana keta ƙanƙara, har ta sha kwanar coci da agogon a hannunta.