Jan Sawun Si Malavang

Ranar da aka raɗa wa jinjirar suna Si Malavang, mutum shida ne a ƙauyen suka rabu da sunayensu, kuma dukansu murna suke yi. A tsibirin mutanen Tao ɗan fari yakan cinye sunan iyayensa, jikan fari ya cinye na kakanni. Uwar jinjira ta koma Sinan Malavang, uban ya koma Syaman Malavang, kakannin huɗu kuwa, maza da mata, duk suka zama Syapen Malavang.

Kakar wajen uwa ita ce har makon jiya ake kira Sinan Kadowan. Shekara uku tana fama a kan ganuwar fadamun gwaza. Guguwar teku ta daina zuwa a kan lokacinta, in ta zo kuma sai ta watso ruwan gishiri cikin fadamun mata, gwaza ta ruɓe a tsaye. Mutanen babban tsibiri, inda hukuma take, suka ce a zuba siminti. Ita ta ce a jera duwatsu yadda iyayensu suka jera, don dutse yana karya igiyar ruwa, ya bar ruwan ƙorama ya wuce, ƙaguwa ma ta sami ɗakin kwana. Ta yi ta aika takardu har wani asusun sauyin yanayi ya yarda ya ba ƙauyen kuɗin kai tsaye, su yi aikinsu da hannunsu, ita ce shugaba. Sa hannu kaɗai ya rage, kuma yau ce ranar ƙarshe. In jirgin ruwan yamma ya tashi ba a sa ba, aikin ya koma wajen masu siminti.

Ma'aikaciyar asusun, Malama Liao, ta iso da hantsi tana tangaɗi, teku ta juya mata ciki. Aka zaunar da ita a rumfar shan iska ta katako, wadda ake hawa da tsani, aka ajiye mata dafaffiyar gwaza da busasshen kifi mai fiffike. Ta buɗe jaka.

"Inna, ke ce Sinan Kadowan?"

"Da ni ce, 'yata. Kin makara da kwana shida."

Malama Liao ta yi sororo. Mijin tsohuwar, da ke gefe yana ɗinkin komar kamun kifi, ya ce, "Kar ki tsorata, ba mutuwa ta yi ba. Girma aka ƙara mata. Ba ki ji rumfar har ƙara take yi don nauyinta ba?"

"Kai dai yi shiru," in ji matar. "Tsohon da kifi ke tashi sama musamman don ya leƙa jirginsa ya yi dariya."

Aka warware wa baƙuwa zancen. Ta yi barka, sannan ta miƙa alƙalami. "To Inna, ki rubuta tsohon sunan kawai, shi ke cikin takarda."

Tsohuwa ta karɓi alƙalamin. Daga rumfar tana hango fadamu, ganyen gwaza ya yi ja a gefen da gishiri ya lasa. Tana hango tulin duwatsun da matan ƙauye suka tara tun bara, wata akuya ta hau kai ta tsaya kamar ita aka ba gadi. Ta ɗora bakin alƙalami a takarda. Sai jinjira ta yi ɗan kuka daga cikin gida.

Ta ajiye alƙalamin.

"Hannuna ba zai iya ba. In na rubuta wancan suna, na ce yarinyar nan ba ta zo duniya ba."

Malama Liao ta duba agogo, ta shiga juya shafuka. "Akwai wurin sauya suna. Sai dai ana son shaidu uku. Bari in fara da ke." Ta ɗaga murya yadda aka koya mata a ofis. "Syapen Malavang?"

"Na'am," in ji tsohuwa.

"Na'am," in ji mijinta.

"Na'am," in ji wasu tsofaffi biyu da ke hawowa tsani, iyayen uban jinjira.

Malama Liao ta dube su ɗaya bayan ɗaya, dariya ta ƙwace mata har ta manta da ciwon cikinta. "Wanne ne shugaban a cikinku?"

"Wadda ta fi faɗa," in ji mijin, yana nuna matarsa da allura.

Shaidu uku suka rubuta suna iri ɗaya, layi bisa layi. Amma a ƙasa akwai wani gurbi da ke neman hujjar sauya suna, takardar hukuma kuwa sai bayan mako biyu za ta fito. Malama Liao ta ɓata fuska.

"Hujja kike so?" in ji tsohuwa. "Ai tana ciki tana shan nono."

Ta sauka, ta dawo rungume da jinjira, mai jego na biye tana cewa, "Inna, a hankali mana." A kan tabarma akwai ɗan gwangwanin jar tawadar da Malama Liao ke buga hatimi da ita. Tsohuwa ta zaro ƙafar jinjira daga cikin zani, ƙafar da ba ta kai 'yar gwaza ba, ta dangwala a tawadar, ta manna a gurbin. Sawu ya fito tsaf, yatsu biyar kamar ƙwayar gero. Jinjira ko farkawa ba ta yi ba.

Malama Liao ta ɗauki hoton shafin ta aika wa shugabanta. Aka zauna jira har rana ta karkata. Ba wanda ya taɓa kifin. Can nesa jirgin yamma ya busa ƙahon farko.

Wayar ta motsa. Malama Liao ta karanta, ta rufe baki da hannu.

"Ya ce a karɓa, takardar hukuma ta biyo baya. Wai kuma in tambaya, ko mai jar ƙafar nan ce shugabar aikin?"

"Ki ce masa ita ce," in ji tsohuwa. "Mu riƙon ƙwarya muke yi mata."

Ta ɗauki alƙalami ta rubuta sabon sunanta, harafi bayan harafi, ta cika layin har ta ɗan zarce.

Jan tawadar ya yi kwana uku bai fita daga ƙafar Si Malavang ba. Matan da suka fara jera duwatsu sukan biyo da safe, kowacce ta ɗaga zanin jinjirar ta leƙa tafin ƙafar, ta gaida shugaba, sannan su gangara fadama.