Hancin Baba Risi a Jikin Anko

Ƙurajen sun fito wa Baba Risi a hanci tun yana saurayi, suka ga wuri suka yi zamansu. Ba sa ciwo, ba sa fashewa, ba sa tafiya. Ni dai in muna zaune a rumfarsa ta goro a kasuwar Shagamu, kallonsu nake yi kamar tsaunukan da ake hangowa daga mota, har in shiga tunanin ko akwai gari a bayansu.

Babu abin da bai shafa ba. Sabulun salo, lemun tsami, man kaɗanya, toka, da wani gari da wata tsohuwa ta kawo daga Ijebu, wanda ya saluɓe masa kumatu ya bar ƙurajen suna ƙyalli. Likita ya ce ba cuta ba ce, ya ƙyale su. Baba Risi ya ce likitan yaro ne.

Da 'yan goro suka zaɓe shi shugabansu, sai maganar anko ta taso. A wurinmu ba a naɗa babban mutum sai an buga fuskarsa a atamfa kowa ya ɗinka. Ya ce to, ko sau ɗaya ne garin nan zai gan shi da hanci irin na mutane. Ya tafi wurin Fatai mai hoto, wanda ya iya bin fim da tsinin fensir yana share abin da mutum ba ya so.

"Baba, duka zan cire?" in ji Fatai. "Ko in bar guda, na shaida?"

"Hoto na zo ɗauka ko shawara? Share."

Aka aika hoton Legas, atamfa ta dawo bandir-bandir. Ga fuska cikin da'ira, hanci sumul kamar ƙwai, a ƙasa an rubuta sunan gidansu, Ajadi. Baba Risi ya kai rabin yini yana shafa hancin nan da yatsa.

Abin da ya manta shi ne yana da ƙane, Lamidi, wanda kamarsu ɗaya sak, hanci ne kawai ya raba su. Lamidi bai taɓa ɗaga kwandon goro ba, aikinsa dara a gindin mangwaro. Atamfa na shiga hannun teloli, mutane suka fara tururuwa gindin mangwaron nan. Mata na durƙusawa, samari na kwanciya rub da ciki. Aka riƙa aiko masa da amala da miya mai nama. Makaɗa suka bi shi har bakin masallaci.

Baba Risi ya same shi yana sakace.

"Lamidi, ba ka da bakin da za ka ce musu ba kai ba ne?"

"Yaya, wallahi na faɗa. Sai su buɗe zani su nuna mini. Ni wa, da zan yi musu da zani?"

A gida ma bai samu sauƙi ba. Matarsa Iya Risi ta ninke nata zanin ta tura ƙarƙashin gado.

"Ba zan ɗaura ba," ta ce.

"Saboda me?"

"In ɗaura ƙanen mijina a ƙugu in shiga taro ina juyi? Baba Risi, ni 'yar mutunci ce."

"Ni ne fa a jiki!"

"Kai? Tun kan a haifi Risi nake kwana kusa da hancin nan. Wannan ba shi ba ne."

Biki ya matso, babu halin sake bugawa. Iya Risi ta aika aka kira matan unguwa, kowacce da allura, aka zube 'yan jajayen duwatsun ado a faranti, za a mayar wa hoton ƙurajensa. Suka dasa masa kujera a tsakar gida, inda haske ya fi, suka ce ya ɗaga haɓa kada ya motsa. A duba hanci, a duba zani, a soka allura. Masu rigunan da aka riga aka ɗinka suka yi layi har waje. Wata ta matso har numfashinta na taɓa shi, ta ce, "Shugaba, ɗan juyo, ban ga na gefen nan da kyau ba."

Ranar naɗi rana ta fito tarwai. Duk inda mutum ya waiga, hancin Baba Risi ne ke walƙiya, a ƙirji, a baya, a ɗankwali, a zanin goyo. Daga ƙarshen kasuwa ana gane shi. Babu wanda ya kalli Lamidi, sai da ya je ya ɗebo abincinsa da kansa.

Baba Risi na zaune ƙarƙashin rumfa, Iya Risi ta taho tana rawa, ta juya masa baya, hancin na sama da ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo ta.

"Ƙurjin daman nan bai kai haka girma ba."

"Ya kai," ta ce, ta koma cikin rawa.