Ganye Biyar

Da almakashin da ya yi shekara talatin da bakwai yana gyara wa mutane ƙeya, tsohon mai askin ya durƙusa gaban shukar furen wardin matarsa. Watanta biyu ke nan da rasuwa, kuma sai a ranar ya iya buɗe ƙofar bayan gida.

Ba wani lambun a zo a gani ba ne. Taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, tsakanin bangon kicin da katangar maƙwabta, ga igiyar shanya a sama, ga famfo mai ɗiga a lungu. A nan ta dasa wardin shekara goma sha tara da suka wuce, ta sa masa suna Gajere, don duk tsawon shekarun nan bai taɓa wuce gwiwarta ba. Sai dai in ya tashi fure har ganyensa ba a gani. Fure ne mai ninki-ninki, ruwan hoda da ya koɗe, mai ƙamshin da sai ka sunkuya za ka ji.

A gadon asibiti ba ta bar masa wasiyyar gida ko ta 'ya'ya ba. Cewa ta yi, "Ka kula min da Gajere."

"Ki tashi ki kula da abinki," in ji shi. "Ni me na sani a kan ciyawa?"

Ba ta tashi ba.

Yanzu ga Gajere a gabansa, abin tausayi. Rassan sun rame, ganyen ya yi ja ya zube. Amma daga ƙasa, dab da gindin, wasu tsiro biyu sun fito miƙe sambal, kore shar, kaurinsu ya kusa na ɗan yatsa. To, shi dai abin da ya sani a duniya kai ne da gashi: wanda ya karye a share shi, mai lafiya ya samu wuri. Ya bi tsofaffin rassan ɗaya bayan ɗaya ya datse su har ƙasa, ya bar sababbin biyu. Ya ja da baya ya karkata kai, yadda yake yi in ya gama da mutum kafin ya miƙa masa madubi.

Daga nan rayuwarsa ta koma bayan gida. Shagon askin ya riga ya bar wa wani tun da hannunsa ya fara rawa. Abokan hirarsa wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su. Cikin gidan kuwa shiru ya yi yawa, har motsin firij yake ji. Kofi ɗaya yake wankewa, faranti ɗaya, cokali ɗaya. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai gaya wa. Sai ya riƙa fita da kujerarsa da safe, ya ba Gajere ruwa, ya zuba masa taki, ya zauna yana ba shi labarin abin da rediyo ta ce. Bakin mai aski ba ya iya zama shiru in akwai kai a gabansa.

Gajere kuwa ya ce bismilla. Wata uku ya kai ƙugu, wata shida ya kama igiyar shanya.

Duk ranar Lahadi Auta takan kira. Ita ce ƙaramarsu, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, kullum a gajiye take magana.

"Baba, ya Gajere?"

"Wane Gajere? Ai yanzu sai dai ki ce Dogo. Ya wuce kaina."

"Kai, Baba! Mama ma ba ta taɓa samun haka ba. In na zo hutu zan yanki reshe in dasa a nan. Ina so jaririyata ta tashi da ƙamshin kakarta."

Ya ajiye wayar yana murmushi. Har cikin ransa ya ji daɗin ya fi marigayiyar hannu, ya kuma ji kunyar daɗin da ya ji.

Sai da shekara ta zagayo Gajere ya yi fure. Tsohon ya fito da safe da bokitinsa, ya gan su a saman rassan, ya koma ciki ya ɗauko tabarau. Farare ne, ƙanana, shimfiɗe, babu ninki ko ɗaya. Ya jawo reshe, ƙaya ta soke shi, ya sunsuna. Ba ƙamshinta ba ne. Kafin la'asar rabinsu sun zube a kan siminti.

Ya ce ko takin ne ya yi yawa. Ya jira mako guda, wasu suka fito irin na farko. Ranar Talata ya yanki reshe, ya naɗe a jarida, ya hau mota zuwa wurin masu sayar da dashe a bakin babban titi, bayan gidan mai.

Mai wurin mace ce kakkaura, da takalmin roba har gwiwa, tana jera baƙaƙen ledoji cike da ƙasa. Ta warware jaridar, kallo ɗaya ta yi wa reshen.

"Baba, wannan ai na daji ne. A ina ka samo?"

"A gidana. Na matata ne. A da furen ruwan hoda yake yi, gajere haka." Ya nuna gwiwarsa.

Ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ta tsinko ganye ta shimfiɗa a tafinta. "Ƙirga min ƙananan da ke jikin wannan."

Ya ƙirga da bakin farce. "Bakwai."

"Irin na matarka biyar yake yi." Ta jawo wata leda mai ɗan wardi, ta share ƙasar gindinsa da yatsa, ta nuna masa wani kumburi kamar gaɓar yatsa. "Ka ga nan? Aure ake yi musu. Na saman shi ne mai kyan fure, amma rago ne, shi ya sa ake ɗora shi a kan saiwar na daji. Na dajin kuwa ba ya haƙura. Kullum yana turo nasa daga ƙasa, in ba a cire ba ya shanye abincin duka. Tsofaffin rassan suna nan?"

Ya dubi titi. Motoci suna ta wucewa.

"Na yanke su," ya ce. "Sun rame ne."

"Ayya, Baba."

Ba maganarta ce ta dame shi ba. Wata safiya ce ta faɗo masa, shekaru da yawa baya. Yana zaune a bakin ƙofar kicin yana wasa reza, matarsa tana tsugune da 'yar wuƙa tana tona gindin Gajere. Ya ce mata, me kike ta tono kamar kaza? Ta ce, "Ɓarawo nake kora." Ya yi dariya ya ci gaba da rezarsa. Shekara goma sha tara tana korar ɓarawon nan taku uku daga inda yake zaune, bai taɓa cewa nuna min ba. Ga shi ita tana tafiya ya buɗe masa ƙofa, har da ba shi taki.

"Ina da irinsa sak," in ji matar. "Ka ɗauki ɗaya, ba wanda zai gane."

"'Yata, ba irinsa nake nema ba."

Ta dube shi, ta sassauta murya. "To ka je ka tona a hankali har ka ga kumburin. In akwai ɗan idon tsiro da ya rage a jikin kututturen, da sauran rai. Amma sai ka cire na dajin duka, daga tushe. In idon dab da gaɓar yake, ba mai iya ce maka na waye sai ya buɗe ganye."

Da yatsu ya yi tonon, don bai yarda da hannunsa da ƙarfe a wurin ba. Ya sami kumburin, ya sami kututturen da ya datse bara, ya yi baƙi ya tsage. Ya wanke shi da ruwa kaɗan-kaɗan. Can a gefe, daidai kan gaɓar, ga wani ɗan ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ya ɗaga kai ya dubi Dogo. Shekara guda wannan ne ya saurare shi, shi ne ya yi masa inuwa, shi ne abin da yake da shi na faɗa wa Auta. Ɓarawo ne, amma ba laifinsa ba ne, kuma ya yi zaman amana. Tsohon ya ce masa, "Ka yi haƙuri," yadda yake ce wa yara kafin ya sa musu reza. Ya yini yana yanka, ƙaya ta yi wa hannayensa kaca-kaca. Da ya kwashe rassan waje, lambun ya koma fili fayau, sai igiya da famfo da katanga.

Ranar Lahadi da Auta ta kira, ya so ya ce mata komai lafiya, amma bakinsa ya ƙi. Ya gaya mata duka, har maganar ɓarawon. Yana jin kukan jaririyar daga nesa.

"Ni ma na sha ganinta da wuƙar nan," ta ce. "Ban taɓa tambayarta ba."

"In ya yi biyar zan kira ki."

"In ya yi bakwai ma ka kira ni, Baba."

A kwana na goma sha tara idon ya tsage, ganyen farko ya leƙo, ja-ja, a naɗe. Tsohon ya sa tabarau, ya durƙusa har gemunsa na taɓa ƙasa. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sauran suna manne da juna, ba su gama buɗewa ba. Ya kai farce zai raba su, sai ya ga yadda hannun ke rawa, ya janye shi.

Ya koma ciki ya ajiye almakashin a aljihun tebur, ya fito da kujerarsa ya kafa ta gaban kututturen. Rana ta fara zafi, kuma yanzu babu inuwa a wurin. Ya zauna.