Ciyawar Ashafa

Bara ciyawar ta fara fitowa a fadamar Dandamisa, a tsakanin kunyoyin rake. Tana da ƙaya, ganyenta yana wari, ko akuya ba ta kallonta. Aka nome ta, ta dawo. Aka yi mata feshi, ta ɗan kwanta ta miƙe. Kafin wani ya tambayi inda ta fito, an riga an raɗa mata suna: ciyawar Ashafa.

Ashafa makiyayi ne. Duk rani yakan sauke shanunsa a gonakin garin bayan girbi, su ci kara su bar taki, yadda mahaifinsa ya saba. Bana ƙungiyar manoma ta kira taro don a hana shi sauka.

Mukarrama, 'yar garin da ke karatun aikin gona a Zariya, ta zo taron da tukwane biyu. Ta durƙusa ta gaida dattawa, sannan ta ajiye su gaban shugaban ƙungiyar, Alhaji Gambo.

"Baba, wannan kashin shanun Ashafa ne. Wannan kuma takin bola ne, wanda tifa ke kawo mana daga birni. Tun hutu nake ba su ruwa. Ku duba inda ta tsiro."

Tukunyar bolar ta cika da ciyawar. Ɗayar babu ko ƙwaya.

Alhaji Gambo ne ya fara kawo takin bola garin, kuma ba ya barin a manta da hakan. Bai kalli tukwanen ba.

"Wato 'yar nan, duk kuɗin motar da ubanki ke biya, ban-ruwan kashin shanu kike koyowa?"

Aka yi dariya.

"Baba, irinta a cikin bolar yake. Da za a bar takin ya ruɓe sosai kafin a baza shi..."

"Mun tsufa a gona, tukunya ce za ta koya mana noma?"

Ashafa, da ke tsaye a gefen taron, ya gyara sandarsa. "Alhaji, shanuna ba sa cinta. Abin da saniya ba ta ci ba, ta ina zai fito mata?"

"A kofato suke ɗauko ta," in ji wani Inuwa, wanda bai taɓa ɗaga ƙafar saniya ba. Jama'a suka gamsu da wannan bincike.

Aka yanke hukunci: babu saniyar da za ta sake kwana a gonar Dandamisa. Ashafa ya yi sallama, ya ce zai nemi wuri wajen garin Furana. Bai jira addu'a ba.

Sai wani dattijo ya tambaya, tunda shanu sun tafi, ina za a samo taki?

Alhaji Gambo ya ce wannan ba matsala ba ce. Ya zaro waya daga aljihu, ya kira direban tifa, ya ce bana a ninka musu lodi, har gonakin tudu za a baza.