Kumatun Auta

Ranar da aka haɗa Mai Ɗinki da autanta a waya, wata biyu da hawansa tashar sararin samaniya gyaran na'urori, sai da ta ajiye almakashi ta tafa hannu. Yaron da duk layi aka sani siriri kamar kara, ga shi yana shawagi a allo, fuska ta cika fam, kumatu har sheƙi suke.

"Kai, Auta! Ashe girkin matarka ne bai karɓe ka ba!"

Matar Auta na gefen surukarta, ta haɗiye abinta.

"Mama, ba ƙiba ba ce," in ji shi. "Kaina ke nauyi kamar an rataye ni ta ƙafa. Ƙananan rubutu ma sun fara yi min dishi-dishi. Zan gaya wa likitocinmu."

"Su sauko da kai? Na gama shela wata shida za ka yi. Maƙwabciyata Mai Kanti ta rantse ba za ka kai ba. Rufa min asiri, ɗan nan, ciwon kai ai na kowa ne."

Shi kuwa Auta tun yana rarrafe bai iya yi mata musu ba. Ya fasa gaya wa likitocin. Ita ko duk wadda ta zo awon riga, sai ta sha labarin kumatu kafin a kai ga kafaɗa.

Ya cika wata shidansa cif. Kwana kaɗan da saukowa fuskar ta sace, amma idon bai dawo ba.

A asibiti likita ta ɗauki gorar ruwa, ta tsayar da ita, sannan ta kwantar.

"Kin gani, Mama? A ƙasa, da mutum ya miƙe, ruwan jiki zai gangara, kai ya huta. Can babu nauyi, babu gangara. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar baya ba ya sassautawa, kullum yana danne bayan ido." Ta juya wajen Auta. "Yaushe ka fara ji?"

"Daf da saukowa," ya ce, kansa a ƙasa.

Bakin Mai Ɗinki dai ba a haife shi da marfi ba.

"Kare ni yake, likita. Wata huɗu ne. Ni na hana shi faɗa. Da ya faɗa da wuri fa?"

"Wataƙila. Ba zan yi miki ƙarya ba. Wani idon kan dawo, wani ba ya dawowa. Komawa sama dai babu."

Aka ba Auta takardar sayen gilashin ido. Ya kawo ta kusa da hanci, ya miƙe hannu da ita nesa, ya kanne ido ɗaya. Mai Ɗinki ta miƙo hannu za ta karɓa.

"Bar shi, Mama," ya ce a hankali, ya ba matarsa.