Ɗan Takarar da Ya Jira Auta

Tela ya ga 'yan takara iri-iri har ya gaji. Ya ɗinka musu tutoci, sun ci zaɓe, sun manta hanyar shagonsa. To ina dalili 'yar autarsa za ta ajiye almakashi da rana tsaka ta bi motar Dogo tana raba takardu?

Dogo shi ne ɗan takarar da matasa suka haukace a kansa bana. Hotonsa har a jikin keken ɗinkin Auta. Tun ranar da Tela ya ce mata wannan sakarci ne, ta daina cin abincin rana tare da shi a shago. Wannan ne ya ci masa rai, don tun rasuwar mahaifiyarta ba su taɓa ci daban ba.

Auta tana da in'ina tun tana ƙarama, shi ya sa Tela ya zama bakinta. Mai kaya ya tambaye ta yaushe za a gama, kafin ta buɗe baki ya amsa. Gani yake tausayi ne.

Ranar Laraba ta dawo daga taro duk zufa. Ya tsayar da keke.

"Ke, zauna. Me mutumin nan ya ba ki? Hula? Riga?"

"B-ba k-k..."

"Ba komai, na sani. Alkawarin aiki ya yi?"

"A'a, Baba. A t-t..."

"A taro kika gan shi, ya iya baki, ya yi murmushi. Wallahi duk haka suke, ni da na..."

Ta kama hannunsa ta riƙe gam, abin da ba ta taɓa yi ba. Mamaki ya kama shi.

Labarin ya ɗauki lokaci. A taron farko an miƙa mata makirfo ta yi tambaya, harshe ya maƙale. Jama'a suka fara dariya, wani ya miƙo hannu zai karɓe. Sai Dogo ya ɗaga hannu, filin ya yi tsit. Ya sauko daga kan mota ya tsaya a gabanta.

"B-bai ƙarasa min ba, Baba. Ya j-jira na gama."

Kunya ta rufe Tela. Shekara goma sha tara yana son yarinyar nan, bai taɓa jin ƙarshen maganarta daga bakinta ba. Har yanzu bai yarda da Dogo ba, ko kaɗan. Amma ya ture tarin yadi gefe, ya jawo kujera kusa da ita.

"To me kika tambaye shi, Auta?"

Ta ja numfashi. "Na ce, m-masu ɗinki muna b-buƙatar w-w-w..."

Ya san kalmar. Tana nan a kan harshensa, har leɓensa ya motsa. Ya cije shi, idonsa ya cika da ƙwalla, ya jira.