Inda Marlys Ta Tsaya

Kujeru goma kawai aka jera a kusurwar 'yan ƙwadago, su ɗin ma ba su cika ba har bayan da Lyle Hoekstra ya zauna. Ya cire hula ya kakkaɓe dusar ƙanƙarar da ke kanta, ya bi zauren wasannin makarantar sakandaren Marlow da kallo. Duk bayan shekara huɗu, a farkon Fabrairu, a nan mutanen garin suke haɗuwa da yamma su fid da wanda suke so jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa. Kowa ya je ya tsaya a kusurwar gwaninsa, maƙwabta na kallo, a ƙirga kawuna.

A da wannan kusurwa ba ta ɗaukar su. Lokacin da masana'antar injin wanki take aiki, da an tashi sai ma'aikata su taho nan kai tsaye da rigunansu masu warin mai, mutum ɗari biyu ko fiye, har wasu su hau benci. Wanda ƙungiyar ƙwadago ta nuna shi ne gwani, magana ta ƙare. Shekara talatin da ɗaya Lyle ya yi yana ɗaura ganga a cikin inji, har hannunsa ya daina jiran idonsa. Da wannan aiki ya sayi gida, ya kai 'ya'ya biyu jami'a. Yau shekara goma sha biyu da rufe masana'antar, amma har yanzu ƙarfe biyar da rabi na asuba yake farkawa, ya kwanta yana sauraron jiniyar da ba za a busa ba.

"Ina uwargida, mutumina?" in ji Virgil Stamm, abokinsa tun suna yara, wanda bai taɓa iya magana a hankali ba.

"Tana can tana ajiye kek a kan tebur."

Virgil ya nuna kusurwar da ke ƙarƙashin ragar ƙwallon kwando da haɓa, inda aka manna kwali mai sunan 'yar takara Ellen Pruitt. "Ga 'yan ci-banza can. Dala dubu duk wata ga kowa da kowa, kana kwance kana miƙe ƙafa. Ni har karena na ce ya je ya yi rajista."

Lyle ya yi dariya. Wata uku ke nan garin bai da wata hira sai wannan. Ranar da Pruitt ɗin ta zo gidan abincin Dot da kanta, ta ce masana'antu ba za su dawo ba, injuna sun cinye ayyukan, Lyle ne ya miƙe ya faɗa mata a gaban kowa cewa shi bai taɓa karɓar sisin da bai yi wa gumi ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Aka yi masa tafi, har aka nuna shi a talabijin. Matarsa Marlys tana zaune kusa da shi a ranar, tana ta juya cokali a kofinta.

Yanzu ya hango ta ta baro tebur. Ya janye rigar sanyinsa daga kujerar da ya kama mata. Sai ta wuce shi, jakarta a rataye a hannu, ta tsallaka filin ta tsaya a ƙarƙashin sunan Pruitt.

Shekara arba'in da uku da aurensu, ba su taɓa tsayawa a kusurwa daban ba. Virgil ya bi ta da kallo. Lyle ya tashi ya bi ta, yana jin idanun mutane a ƙeyarsa.

"Tsohuwa, kin ɓata hanya ne?"

"Ban ɓata ba, Lyle."

"Da kin faɗa mini a gida."

"Da ka tambaye ni a gida," ta ce a hankali, ba da faɗa ba. "Je ka zauna, gwiwarka."

Ya koma. Malama Dvorak, tsohuwar malamar lissafi da ke shugabantar taron, ta ba kowace kusurwa minti ɗaya. Virgil ya yi magana a madadin Sanata Whitcomb, wanda ƙungiya take goyon baya, ya ce abin da mutum yake bukata aiki ne, ba sadaka ba. Da aka zo kan 'yan Pruitt, sai suka tura Marlys gaba. Ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Duk kun san ni," ta ce. "Wasunku ni na riƙa auna muku wasiƙu a gidan waya. Na bar aikin shekarar da mahaifiyar Lyle ta sami shanyewar ɓarin jiki. Shekara tara ina yi mata wanka, ina ba ta abinci a baki, ina juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Ina son ta, kuma da za a sake zan sake. Amma da na je cika takardun fansho, a wurin waɗannan shekaru tara sai matar ofis ta rubuta: ba ta aiki. Ban ga laifinta ba, haka takardar take. Ni dai wannan 'yar takara ce ta farko da na ji tana magana kamar ta san da zamana."

Ta koma baya. Ba a yi tafi sosai ba, amma mata da yawa sun sunkuyar da kai.

Lyle ya tuna yadda yake dawowa daga aiki ya tarar da gidan yana ƙamshin sabulu, mahaifiyarsa fes a kan gado, an taje mata kai. Yakan sumbaci goshinta, ya faɗi a kujera ya ce yau ya gaji, Marlys ta kawo masa abinci. Waɗannan shekaru su ne yake kira lokacin da komai yake daidai.

Aka ƙirga. Mutum casa'in da biyu ne a zauren, don haka kowace kusurwa sai ta kai sha huɗu kafin a lissafa da ita. Ta Whitcomb tara. Ta Pruitt sha uku. Malama Dvorak ta ba waɗanda ba su kai ba minti goma sha biyar su sake shawara.

Nan da nan mutanen manyan kusurwoyin suka kewaye su da lallashi. Tsofaffin 'yan ƙwadago suka fara watsewa ɗaya bayan ɗaya, biyu suka sa riguna suka tafi gida. Lyle bai motsa ba. Har yanzu maganar kuɗin ba ta kwanta masa ba. A ganinsa ƙasar da ta biya mutum don ya zauna ta riga ta fid da rai da shi. Amma mutum ɗaya kawai matarsa take nema, ga ta can ba ta ko kallon inda yake. Saura minti uku ya dafa gwiwa ya miƙe.

Bai kai tsakiyar fili ba Virgil ya wuce shi da sandarsa.

"Kai da karen naka?" Lyle ya ce.

"Rufe mini baki. Matata Connie ta ajiye aikinta tun da aka yi mini tiyata. Wa kake zaton yake sa mini safa?"

Virgil ya isa, 'yan Pruitt suka ɗaga hannuwa suna murna. Sun kai sha huɗu. Lyle ya tsaya shi kaɗai a kan farin layin tsakiya, babu mai bukatarsa a ko'ina. Ya ɗan jima a haka, sannan ya ƙarasa.

"Mun cika," in ji Marlys.

"Na gani."

"To me ya kawo ka?"

"Ban fa yarda da zancen kuɗin nan ba."

"Na sani."

Ya dubi takalmansa. "Sau nawa kike juya Mama?"

"Duk awa biyu."

"Har lokacin da nake barci?"

 Ta ɗauke jakarta daga kan kujerar da ke gefenta, ta ɗora a cinya.

Malama Dvorak ta iso da takarda da fensir, tana nuna kawuna ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kansa ta dube shi ta saman tabarau.

"Lyle, a nan kake, ko rakiya ka yo?"

Ya waiwayi Marlys. Ita kuwa ta bar shi da amsarsa.

"Sa ni," ya ce, ya zauna.